Gobarar da Aka Kashe Kafin Ta Tashi

A layinmu babu wanda bai san Malam Daidai mai gyaran agogo ba. Teburinsa yana gaban shagon aski, a ƙarƙashin wata tsohuwar laima da rana ta cinye launinta, kuma bakinsa ne ya raɗa masa sunan. Duk agogon da ya gama gyarawa sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, ya ce, "Daidai."

Abu biyu yake ji da su a duniya. Na farko Turanci. Yana saurayi ya yi wata tara yana kula da agogunan bango a wani babban otal, inda wata rana manajan, wani Bature, ya dafa kafaɗarsa ya ce masa, "Very good." Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana cin gajiyar kalmomin nan biyu, har yakan ce a mafarki ma wani lokaci da Turanci yake faɗa da mutane.

Na biyun sirri ne. Shi a ganinsa aikin agogo bai tsaya a nuna lokaci ba, har da gyara halin mai shi. Yayarsa, wadda duk layi muke kira Gwaggo, ba ta taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba, don haka ya tura nata gaba da minti ashirin da biyar. Tela, da yake tela ne, ya tura nasa da minti goma sha biyar. Mai aski kuwa ɗan garaje ne, shi ke riga kowa zuwa ko'ina ya yi ta mita, sai ya ja nasa baya da minti goma don ya koyi natsuwa. Idan wani ya zo ya ce agogonsa da wayarsa ba sa jituwa, sai Malam ya yi tsaki.

"Wayar da wani can a ƙasar da ba ka sani ba yake saita mata lokaci? Ya san inda rana take a layin nan?"

Mu kuma, da yake gyaɗa kai ya fi mana sauƙi a kan tunani, muka yarda da shi shekara da shekaru.

To, 'yarsa Auta ta gama kwalejin koyarwa shekara biyu da suka wuce, tana zaune a gida tana rubuta takardun neman aiki da babu mai amsawa. Sai ga gurbi guda ɗaya a makarantar koyon Turanci ta manya da ke saman kantin magani, jikin jerin shagunanmu. Mutum biyu suka rage a neman gurbin, ita da wani. Ɗayan ya riga ya yi darasin gwajinsa, aka ce har da kwamfuta ya zo yana haska hotuna a bango. Nata gwajin, na minti arba'in, ya faɗo ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a gaban shugabar makarantar da ɗalibai goma sha takwas.

Ranar Laraba da yamma Malam ya tarar da ita a falo ta baza littattafai tana magana ita kaɗai.

"Me aka ba ki?"

"Past perfect ne, Baba, da kalmomin lokaci."

"Na san shi. Faɗa mini dai in ji ko kin riƙe."

"Abu biyu ne suka faru, duka sun wuce, amma ɗaya ya riga ɗaya. Wanda ya riga shi ake liƙa wa had. Sai kalmomin da ke jera su, irin su before da after da by the time. Kamar ka ce, kafin likita ya iso, tuni maras lafiya ya warke."

Malam ya gyara zama. Wane ya riga wane, kuma da minti nawa. Ashe duk Turancin da ake ta tsorata mutane da shi, aikin agogo ne.

"Auta, kin zo gidan abin. Bar mini wannan."

"Baba, don Allah addu'a kawai za ka yi mini."

Innar Auta ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu. "Malam, ka ji dai abin da aka ce. Addu'a. Ba a ce dabara ba."

Ya ce ya ji. Amma wancan mai kwamfutar ya tsaya masa a rai. Idan ɗan wani ya nuna hoto a bango, me zai hana 'yarsa ta nuna abin a zahiri, ta taga, a gaban idon kowa?

Ranar Juma'a da la'asar ya tara Gwaggo da mai aski a shagon tela, ya sa aka saki labule. Ya zana tsarin a bayan kwalin batir. Za a ajiye rabin duro cike da tsummokaran tela a ƙasan tagar ajin. Ƙarfe goma da minti goma mai aski zai fito ya kunna. Goma da kwata tela zai ɓullo daga kwana da bokiti ya kashe. Goma da ashirin Gwaggo za ta shigo layi tana ihun gobara, ta tarar an riga an kashe. Goma da ashirin da biyar shi kuma zai hau bene, ya tura ƙofar aji, ya faɗi jimlar da Turanci, a tafa.

"Idan wutar ta ƙi kamawa fa?" in ji mai aski.

"A hannunka za ta ƙi kamawa, kai da kullum kake ƙona aska da sifirit?"

"Ni ne jarumin ke nan," in ji tela. "Ya kamata in sa sabuwar riga."

"Ka sa abin da ka ga dama. Amma da gudu za ka fito, ka watsa ruwan ba tsayawa kallo. Kyan abin a saurinsa yake."

Gwaggo ta ce, "Ni ihu ne kawai nawa?"

"Ihu kawai, Yaya. Irin wanda kika yi ta yi mana muna yara."

"Da kun ji magana ai da ban koya ba."

Sai ya kafa musu doka guda. Kowa ya ɓuya inda ba a ganinsa, kowa ya bi agogon hannunsa. Ko me mutum ya ji a waje, kada ya motsa sai lokacinsa ya cika. Wayoyinsu ma ya ce da safe zai karɓe, kada wata ta yi ƙara ta tona asiri.

"Agogon da ya fita daga hannuna ba ya ƙarya," in ji shi, kuma wallahi a lokacin har zuciyarsa ya faɗa. Mutum idan ya daɗe yana maimaita magana, shi ne na farkon da take kamawa.

Jimlar kuwa daga littafin Auta ya kwaso ta a ɓoye, ya canja sunaye, ya rubuta ta a tafin hannunsa da biro yadda bakinsa zai iya ɗauka: Bai da tayim Gwaggo arayib, da tela had fut awut da faya.

Ranar Asabar ya zaro kwat ɗinsa ta zamanin otal, wadda maɓallanta suka daina gaisawa da ramukansu tun tuni. Ƙarfe tara da arba'in ya jingina tsanin tela a bango, ya hau rufin kankare na shagunan, ya tsuguna a bayan tankin ruwa. Daga nan yana ganin duro, yana ganin kwana, yana ganin tagar ajin. Ya hango Auta tana goge allo. Ya hango shugabar makarantar, wata doguwar mata mai tabarau da fararen kaya, ta zauna a baya da fayil a cinya. Ya yi murmushi, ya duba agogonsa. Goma saura minti biyar.

A daidai nan aka tsage layin da ihu.

"Gobara! Jama'a, gobara!"

Gwaggo ce, gyale a hannu tana kaɗawa, tana tafe da gudun da ba a taɓa ganin ta yi ba. Malam ya kalli agogonsa, ya kalle ta, ya sake kallon agogon. Sai ya tuna. Minti ashirin da biyar. Da hannunsa ya ƙara su.

Ya yi ta yi mata alama da hannu ta koma, amma Gwaggo idan ta fara aiki ba ta kallon sama. Kafin ka ce me, ɗalibai sun cika matakala suna ture juna. Manya ne duka, direbobi da masu shaguna da ma'aikatan asibiti, amma gudun rai bai san girma ba. Mai kantin magani ya ga tsani a jingine, ya sure shi ya kai tagar aji don masu son dira, ko da yake babu wanda ya dira ta nan.

Shugabar ce ta sauko ƙarshe, a natse, fayil a hammata.

"Baiwar Allah, ina wutar?"

Gwaggo ta isa gaban duro, ta dafe ƙirji kamar yadda aka koya mata. "Ashe an riga an kashe."

Shugabar ta sunkuya ta leƙa duron, ta sa yatsa ta taɓa. "Wa ya kashe? Tsumman nan a bushe suke."

Malam ya duba agogo. Goma daidai. Goma da kwata ke nan a hannun tela. Ya buɗe baki zai yi kira, ya tuna a ɓoye yake, ya rufe.

Tela ya ɓullo daga kwana cikin sabuwar riga, kai a sunkuye, bokiti a gaba. Bai tsaya kallo ba. Gaskiya ba za a ce bai cika umarni ba. Rabin ruwan ya shiga duro, rabin ya sauka a kan shugabar tun daga ɗankwali har takalmi.

Ruwa ya yi ta ɗiga daga fayil.

"Na kashe," in ji tela, yana haki. Sai ya ɗaga kai. "Ranki ya daɗe, ina kwana."

"Me ka kashe?" in ji shugabar.

Tela ya kalli duro, ya kalli Gwaggo. "Ke me kike yi a nan? Ai bayana kike."

"Kai dai ka makara, kamar yadda ka makarar mini da ɗinki."

"Ni na makara? Goma da kwata cif."

Shugabar ba ta tsaya jin ƙarshen musun ba. Tela ya kawo mata wani yadi mai manyan furanni ta yafa, ta cire tabarau ta goge, ta ce kowa ya koma aji. Ta kalli Auta ta ce, "Malama, minti goma sha biyar sun tafi daga lokacinki. Ba zan ƙara miki ba." Mai kantin magani kuma ya ɗauke tsanin ya shigar cikin kantinsa, kada wani ya yi tuntuɓe.

Malam ya leƙa inda tsaninsa yake, ya ga fili. Babu hanyar sauka. Amma ya lallashi kansa cewa abin da ya lalace ya riga ya lalace, kuma mai aski yana da kunne, ya ji duk abin da aka yi, ba zai fito ba.

Mai aski ya ji komai. Sai dai an ce masa ko me ya ji kada ya motsa, kuma a rayuwarsa wannan ne karon farko da ya yi haƙuri. Goma da ashirin, lokacin da Auta ta samu ajin ya lafa har ta ja layi a allo, ya ɗaga labule ya fito da ashana, yana taku a hankali.

"Kai," in ji Malam daga sama, murya ƙasa-ƙasa. "Kai, koma."

Mai aski ya ɗaga masa babban yatsa ba tare da ya duba ba. Ya ƙyasta ashana, ta mutu. Ya ƙyasta ta biyu. Tsumma a jiƙe. Ya koma shago, ya dawo da kwalbar sifirit da buhun gashin da ya share na sati guda, ya juye duka, ya ƙyasta ta uku.

Wanda bai taɓa jin warin gashin mutum arba'in yana ci da wuta a kan jiƙaƙƙen tsumma ba, ya gode wa Allah. Harshen wutar ya tashi ya lashi gefen laimar Malam, hayaƙi baƙi ƙirin ya miƙe sai tagar aji.

Gwaggo, da ke zaune a bencin tela tana huce gajiya, ta sake kwarma ihu, wannan karon da gaske. Daga sama aka ji muryar shugabar tana cewa, "Babu wanda zai tashi." Sai aka ji tari. Sai aka ji kujeru suna faɗuwa.

Tela ya zo da bokiti, babu komai a ciki. Mai aski ya tsaya yana duba agogonsa yana cewa ai saura minti biyar a kashe. Laima tana ci.

Nan Malam ya ga dama ta ƙarshe ta zama jarumi. Ga tanki a gabansa cike da ruwa. Ya kama bututun da ke gindinsa ya yi ta kokawa da shi, ya taka da ƙafa, ya ja, kwat ta yage a hammata. Yana cikin wannan fama bai ga Innar Auta ba, wadda ta fito daga gida da babban faranti na ƙarfe, ta kife shi a bakin duron, ta fizge laimar ta taka ta a ƙasa, ta karkaɗe hannunta. Wuta ta mutu.

Sannan bututun ya fita.

Ruwan ya fara da Malam, ya bi rufi, ya zubo ta bakin rufin kamar an buɗe kogi. Ya sauka a kan teburin agogunan mutane, ya sauka a kan yadi mai furanni da matar da ke cikinsa, wadda ta sauko ke nan. Duk layi ya ɗaga kai. Ga Malam Daidai a tsaye, sharkaf, bututu a hannu.

Ya ga ido ya yi yawa, ya ga ba shi da abin faɗa sai abu guda. Ya buɗe tafin hannunsa. Babu komai sai shuɗin tawada.

"Very good," in ji shi.

Shugabar ta rufe fayil ɗinta, ruwa ya tsirto daga ciki. "Malama, kin san mutumin nan?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Babana ne."

Malam ya sha jin kunya a rayuwarsa, amma bai taɓa jin irin ta ranar ba, domin wannan ba tasa ba ce shi kaɗai. Shekara biyu yarinyar nan tana jiran minti arba'in, shi kuma ya ƙone mata su da gashin mutane.

Ana cikin haka wani direban tasi daga cikin ɗaliban ya ce, "Ni dai abin da na gani, an kunna wuta, aka kawo ruwa."

"Ina," in ji wata ungozoma. "Kafin a kunna, tuni an kashe."

"Ta yaya za a kashe abin da ba a kunna ba?"

"Tambayi tela."

Musu ya kaure. Kowa na rantsuwa da abin da ya riga wani. Auta ta share ido da bakin gyalenta, ta tsaya tana saurare. Sai ta miƙa hannu ta zare allin da ke bayan kunnen tela, ta je ƙofar ƙarfe ta shagon aski ta ja dogon layi.

"Ke da kika ce kafin a kunna tuni an kashe, zo nan. Wanne ya riga?"

"Ruwan."

"To shi za ki ba had. Faɗa mini da Turanci."

Ungozoma ta yi ta lalube, ta gyara, ta sake gyarawa, sai ga shi ta fitar da ita: "By the time the barber lit the fire, the tailor had poured the water." Direban tasi ya ce shi ma yana da tasa.

Don a sa lokuta a kan layin, Auta ta tambayi mutum ukun ƙarfe nawa kowa ya fito. Kowa ya rantse a kan lokacinsa ya fito. Ta ce su ciro agogunan. Aka jera su a kan faranti, aka ajiye wayar direban tasi a gefe. Lokaci huɗu, babu biyu da suka yi kama.

Gwaggo ce ta fara ganewa. Ta ɗaga kai a hankali. "Shekara tara ina zuwa asibiti ina tarar da ƙofa a kulle, ina zagin masu gadi."

"Don amfaninki ne, Yaya."

"Sauko ka faɗa mini a kusa."

"Ni kuma jirgin ƙasa sau biyu yana tafiya ya bar ni," in ji mai aski. "Har takardar ƙorafi na rubuta musu."

Auta ta buga alli a ƙofa, ta ce duk mai ƙorafi ya jera shi da before ko after. Haka aka yi darasin a tsakiyar titi, cikin warin gashi. Mutum goma sha takwas, kowa ya yi jimlarsa, wasu har biyu, kuma kusan duk a kan mutumin da ke saman rufi. Malam yana jin sunansa yana yawo a cikin Turanci, ana dariya, shi kuwa ban da had babu abin da yake tsinta.

Da aka gama, shugabar ta matse bakin yadinta ta zo gaban ƙofar, ta karanta jimlolin ɗaya bayan ɗaya. Ta kalli direban tasi, wanda ta ce wata shida yana ajin bai taɓa buɗe baki ba. Sannan ta juya wurin Auta.

"Litinin, ƙarfe takwas." Ta ɗaga ido sama. "Takwas na waya."

Mai kantin magani ya ce bari ya fito da tsani. Innar Auta ta ce a bari ya ɗan bushe tukuna, ta ɗauki farantinta ta koma gida.

Sai da layi ya watse Auta ta jingina tsanin da kanta, ta riƙe masa har ya sauko. Bai iya kallonta ba, sai ya kama gyara hammatar kwat.

"Baba, nawa agogon minti nawa ka ƙara masa?"

"Naki ban taɓa shi ba. Ke ba ki taɓa buƙata ba."

"To yau me ya sa ka ga ina buƙata?"

Turancinsa duk ya riga ya ƙare a kan rufi, sai ya saɓa tsanin ya nufi shagon tela.

Yanzu shi da kansa yake ba da labarin nan ga duk wanda ya kawo gyara, kuma ba ya rage wa kansa komai. Yakan ce a duk garin nan shi kaɗai ne ya taɓa kashe gobara ɗaya sau biyu, kafin ta tashi da bayan ta mutu. Abin da ba ya faɗa, mu muka gani. Ranar Litinin ɗin yana zaune a teburinsa cikin rana, babu laima, agogunan mutane a shanye a kan tawul, Auta ta wuce da jakarta ta hau matakala. Ya duba agogonsa, takwas saura biyar. Ya zaro waya daga aljihu a ɓoye ya duba ita ma.

"Daidai," in ji shi, yadda babu wanda zai ji.